Sun Sare Darbejiyarka

Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Anti Hadiza da yara? Ina fata jikin Abba ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, Alhamdu lillahi.

Yaya, raina a ɓace yake. Ranar Asabar ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai ta yi taron sabuwar shekara a firamarenmu. Suka zo daga birni, aka ci shinkafa, aka sha hotuna. Sai shugabanku ya ce a kafa allo mai sunayenku a bakin ƙofa, wai darbejiya za ta tare shi. Darbejiyar da ka dasa kana aji huɗu, kana kai mata ruwa a buta! Kafin la'asar an sare ta.

Ba wanda ya tambayi inda nake koyar da 'yan aji biyu tun da iska ta yaye rufinmu. A gindinta ne fa. Yau yarana sun cunkushe a inuwar allon, ko mutum biyar ba ta ɗauka. Sunanka ne na uku a jiki.

Don Allah ka yi musu magana, ni ba sa jin tawa. A sa mu a addu'a, a gaida mutan gida. Inna na gaishe ka. An kawo mata itacen, ta ƙi hura wuta da shi.

Ƙanwarka,
Rabi