Muryar da Za Ta Ce wa Baba Ya Ɗaga Ƙafa

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya gwiwar Baba? A gaishe min da Inna da yara.

Na ji saƙon Baba, wai in tattara in dawo tunda aikina wasan tsalle-tsalle ne. Ba inda za ni, Yaya. Manhajar motsa jikinmu da sai a kwamfuta ake buɗe ta, ni aka ba aikin mayar da ita waya. Shugabanmu ya ce in rage girmanta kawai, in na ɓata lokaci a bakin aikina. Na ƙi. Wa zai danna mitsitsin madanni da hannu sharkaf da gumi? Murya na sa mata, tana faɗa wa mutum abin yi.

Lafiyata ƙalau. Ɗakin ne dai, in na miƙa hannu sai bango, maƙwabcin ƙasa kuma yana dukan rufinsa da sanda in ina gwaji. Ya buga, in ƙara tsalle.

Ran da ta fito, ka sa wa Baba a wayarsa. Muryar da za ta ce masa "ɗaga ƙafa" tawa ce. Ya ɗaga sau goma, sannan ya ce wasa ne.

Allah ya ƙara masa lafiya.

Ƙanwarka,
Auta