Baƙuwar Kainuwa da Idon Yaya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Na karɓi wasiƙarki daga hannun direban motar kifi, kuma wajibi ne in gyara kurakurai biyu kafin su bazu.

Na farko, ciyawar da ta rufe tafkin nan ba kainuwar da muka sani tun muna yara ba ce. Waccan ba ta tsayar da jirgi. Wannan baƙuwa ce, mai shuɗin fure da kumburarren kara, ko guntunta aka bari a ruwa sai ya zama uwa. Na biyu, kin rubuta cewa ƙasarmu ce ta turo muku ita. Na yi aikin awon ruwa a tafkin nan har na yi ritaya, ina kuma tabbatar miki ta kogi ta gangaro, daga wajen maƙwabtanmu na sama. Tafki ɗaya ne, ƙasa uku ke sha, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Mutanenmu ba su zauna ba. Kullum da safe masu jirage suna ture ta daga gaɓa da gora har wuri ya yi fes, washegari mu tarar ta dawo. Jirgin fito bai motsa ba tun farkon damina, domin tana naɗe farfelar inji.

Na zaɓi rubutu maimakon waya saboda a waya katse ni kike yi.

Ni ne yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Ka gaida matata, ka ce ina yi mata sannu da haƙurin zama da kai.

To malam, na karɓi gyara, baƙuwa ce mai shuɗin fure. Amma wa ya faɗa maka launin furen? Na san dai ba idonka ba ne. Rubutunka da yake kamar na inji, yanzu kowane harafi ya kai ƙwan kaza. Matata ta gaya min yanar idon ta yi yawa, wai ran nan rigar da aka shanya ka yi wa sallama.

Ga abin da ya sa na damu da ciyawar nan. Likitan ido ya sauka a asibitinmu yana cire yana, ƙarshen wata zai tafi. Na sa sunanka. Bayanka ba zai ɗauki zagaye ta gada ba, wuni guda a mota kan ramuka, don haka sai ta ruwa ko babu.

Kuma kada ka yi mana gori da aiki. Namu mazan ma kullum da yamma suna ture ta da gora, kafin azahar ta sake cika mana gaɓa.

Ƙanwarka mai sonka.

*

Auta,

Ina amsa gaisuwa. Ba riga na yi wa sallama ba, labule ne, kuma yana motsi.

Maganarki ta ƙarshe ta tsayar da ni. Iskar tafkin nan da safe daga wajenmu take kaɗawa zuwa naku, da yamma ta juyo. Kowane ɓangare ya zaɓi lokacin da iska za ta taya shi. Idan haka ne, ciyawa ɗaya muke miƙa wa juna tun farkon damina, kowace hukuma tana murnar ta share nata gefen.

Ba zan faɗi haka a gaban mutane ba sai da hujja. Na sa maƙwabcina mai jirgi ya kafa sanda a tsakiyar wani babban curi na ciyawar, muka ɗaura jan ƙyalle, za a ture shi da safiyar Laraba. Ki sa ido a gaɓarku.

Game da likita, na gode. Ina son ganinsa fiye da yadda zan iya rubutawa. Na daina karanta jarida, fuskar yayarki, matar tawa, ma da murya nake cika ta.

Yayanki.

*

Yaya,

Ya iso! Muna tsaka da cinikin kifi wata ta ce ga baƙo nan da jar hula. Curin naka ne, ya zo ya tsaya daidai inda ake ɗaure jirage kamar mai jiran a yi masa maraba. Mata suka yi ta dariya har wata ta zubar da kwandonta. Na cire koren ɗankwalina na ɗaura masa, na bar mazan suka ture shi da yamma. Na san ya kwana wajenku, don jami'in ruwanku ya kira namu tun da sassafe yana tambayar mai ɗankwali.

Shugaban masu jiragenmu, wanda ya fi kowa zaginku, cewa ya yi, "Ashe ƙwallo muke bugawa da su."

An zauna a ofishin gada, har da mutanen saman kogi. Da farko kowa ya so a fara da gefensa, sai aka ajiye sandar a kan tebur da ƙyallayenta, gardama ta mutu. Sun yarda rana ɗaya za a fito, ba turewa, ba sara, jawowa za a yi zuwa tudu. Na sama za su ja raga a bakin kogi su riƙa kwashe wadda ta taru. Duk jirgin da zai sauya gaɓa sai an wanke cikinsa. Likita ya ce ba zai ƙara ko kwana ba, sai ku yi da jiki.

Ɗankwalina kuma bashi ne a kanka.

Auta.

*

Auta,

Ina gaisuwa cikin farin ciki. An buɗe hanya. Jirage biyu-biyu suka riƙa kewaye curi da igiya suna jawo shi bakin ruwa, jama'a suna kwashewa. Ni aka ba kujera a tudu, aikina in hana a jibge ta kusa da gaɓa, domin ruwan sama ɗaya zai mayar da ita. An yi min gunaguni, amma an kai ta inda na ce.

Ban ga lokacin da jiragenmu suka haɗu da naku a tsakiya ba, sowa kawai na ji. Maƙwabcina ya ce shugaban naku ya tsallako jirginsa ya rungume shi har suka kusa kifewa. Ciyawar ba ta ƙare ba, kuma ba za ta ƙare a bana ba, amma layin fito ya buɗe.

Gobe zan shiga jirgin farko tare da yayarki. Ba na ɓoye miki ina ɗan jin tsoro. Ki tsaya a bakin gaɓa ki yi magana da ƙarfi, in gane inda kike.

Yayanki.

*

Auta,

Mun iso gida lafiya, ido garau. Na ga tafkin, na ga furen, ashe ya fi kusa da ruwan hoda-hoda mai shuɗi, kuma dole in yarda yana da kyau. Ki gaida likita idan bai tafi ba.

Haɗe da wannan wasiƙa akwai:

Ɗaya, koren ɗankwali sabo, ni na zaɓa da idona.

Biyu, maganin ciwon gwiwa, domin na ga yadda kike hawa matakala, kin kuma ɓoye min.

Uku, hoton mahaifiyarmu da ke ajiye a akwatina. Da aka cire min bandeji na gan ki a tsaye a kaina, ita na ɗauka, shi ya sa na kasa magana. Ba zafin aikin idon ba ne kamar yadda kika gaya wa mutane. Ki gyara wannan ma.

Ni ne yayanki har kullum.