Salvu Ya Haye Teku Don Ƙuri'a

Birgu, Malta

Zuwa ga ƙanina Wistin,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Kanada, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar da ka ambata. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Inna Dolor ta tashi daga jinya, tana zuwa coci da ƙafarta, har ta koma faɗa da Karmnu mai kifi, alamar ta warke sarai ke nan.

Ka ce aiki ya hana ka kallon gasar waƙa ta ƙasashen Turai, in ba ka labari. To, ka yi asara, don rabon da in ga gasa mai daɗin wannan har na manta. Mun fito da talabijin bakin titi kamar kowace shekara, na dafa zomo, maƙwabta kowa ya jawo kujerarsa. Yaron Sweden da duniya ta ba shi nasara tun kafin a fara, gaskiya ya isa. Allah ya ba shi murya, ga kyau, har 'yan matan layinmu suka ajiye kishin ƙasa a gefe. Amma ni wadda ta tafi da ni ita ce matar Albaniya. Ba wuta, ba hayaƙi, ba 'yan rawa. Ta tsaya ita kaɗai tana yi wa gonar zaitun ɗin mahaifinta da aka sayar waƙa. Mai sharhi ne ya faɗa mana haka, don ko kalma ɗaya ban ji ba, amma sai da na share hawaye da haɓar riga.

Abin dariya kuwa ba a magana. Norwe ta turo ƙartai sanye da kaya masu siffar kifi, suna zagaya dandamali a kan kekuna suna waƙa da dukan ƙarfinsu, ko murmushi babu. Inna Dolor ta gyara tabarau ta ce ko ba komai waɗannan sun fi na Karmnu sabunta. Moldova kuma tsoho ne da jikarsa suka ɗaura igiya suna shanya wanki, kiɗa na tashi kamar a gidan biki. Mun yi musu dariya, amma ga shi har yau ina wanke-wanke ina rera waƙar tasu. Ni dai ina jinjina wa duk wanda zai tsaya gaban duniya ya yi abin da ransa ke so ba kunya.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san Rozinarmu tana cikin 'yan amshin mawaƙiyar Malta, ka kuma san tun da ta bar aikin kantin magani bara ta kama waƙa, mahaifinta Salvu ya daina yi mata magana. Mutumin da ya tsufa yana busa ƙaho a badujalar gari, amma a wurinsa gasar nan shirme ce da fitilu. Yarinya ta gaji ta koma ɗakin ƙawarta. Kafin su tashi zuwa gasar ta gaya mini wasu masu shirya waƙa a Sweden sun ba ta aiki, kuma daga gasar can za ta wuce, don ba ta ga abin da za ta dawo yi a gidan da ba a amsa gaisuwarta ba. Wistin, na shiga damuwa ƙwarai. Ga uba mai taurin kai, ga 'ya da ta gado shi, ni kuma ina tsakiya.

Ranar gasar da safe Salvu ya ce zai tafi kamun kifi da abokinsa Ninu, kada in jira shi, shi ba zai ɓata idonsa ba. Na ce Allah ya ba da sa'a, raina a ɓace. Ashe jirgin ruwan Sisili, tsibirin nan na Italiya, suka shiga. Ka san dokar gasar, mutum ba ya zaɓen ƙasarsa, sai dai na waje su zaɓe ta. Shi ne mijin nawa ya lissafa cewa in ya taka ƙasar Italiya ya zama na waje. Salvu fa, wanda ko ƙaramin kwalekwalen tsallaka tashar ruwanmu ya shiga sai ya yi amai! Ninu ya ce tun daga tashi har sauka kansa na cikin bokiti.

Suka sami wani gidan abinci a bakin tashar jiragen ruwa inda ake kallon gasar. Da aka buɗe zaɓe Salvu ya aika saƙo, aka dawo masa da shi, wai ba a zaɓen ƙasar kai. Ya sake, aka sake. Ninu ya ce dariya ta kusa kashe shi, ya ce masa, "Kai ne ka haye teku, malam, layin wayarka yana can Birgu yana barci." To, a nan ne na san ban gama sanin mutumin da na aura ba. Ya cire hularsa ya bi tebur tebur da guntun Italiyancin da ya tsinta a talabijin, yana nuna allo yana cewa ta biyu daga hagu, mai shuɗiyar riga, 'yarsa ce. Wasu samari suka yi ta tsokanarsa, wai me zai ba su, ya ce addu'ar tsoho. Matar mai gidan abincin ta daka musu tsawa ta ce duk wanda bai zaɓi 'yar dattijon nan ba kada ya sake cin taliyarta. Kowa ya ciro waya.

Ba mu ci ba, Sweden ce ta ɗauka, mu muna can tsakiya. Amma Italiya ta ba mu 'yan maki, kuma Ninu ya rantse da kabarin uwarsa guminsu ne. Kafin su gama sauka daga jirgi duk Birgu ta ji labari, don cikin Ninu ba ya riƙe magana. Ni kuwa na kira Rozina na faɗa mata yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba. 

Ranar Talata sai ga ta da akwatinta a ƙofar gida. Salvu yana zaune yana goge ƙahonsa, bai ɗago ba. Ta gaishe shi. Can sai ya ce, "Kin yi sauri a baiti na biyu." Ta ce ta sani. Ya ce amma dogon jan nan na ƙarshe ta riƙe shi yadda ya kamata, a cikin muryoyin duka tata ya ji, ta shigo abinci zai huce. Yarinya ta fashe da kuka tana dariya, ni ma na taya ta. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, balle uba da 'yarsa.

Aikin Sweden ɗin za ta je bayan bikin gari, amma daga gidan ubanta za ta tashi. Shi ne Salvu ya ce in tambaye ka, tun da kai ka san ƙasar sanyi, wace irin riga ce ta fi riƙe ɗumi, ka saya ka aiko. Ya ce lallai mai rufe wuya, saboda maƙogwaronta.

Ka gaishe mini da matarka Pina, da Ġorġ, da Tessie da maigidanta. Inna Dolor da Rozina suna gaishe ka. In ka kira Salvu, don Allah kada ka ambaci bokiti. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai kewarka,
Pawlina