Rabin Gonar Maman Nonso

Gangare, Jos

Aminiyata Ulonma, Maman Nonso,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Nonso da jikoki. Ya ƙafar taki? Mu nan sai godiya. Direban tumatir na kasuwar Farin Gada zai kawo miki wannan takarda, don a waya ba abin da nake samu daga gare ki sai "eh? eh?" har kati ya ƙare.

Ki duba hoton da ke ciki. Na rantse ba za ki gane wurin ba. Rabinki ne na gonarmu ta bakin kududdufin kuza. Tun da kuka kwashe kaya zuwa Onitsha bayan rikicin nan, kika ce damina ɗaya za ki yi ki dawo, ban bari fartanya ta taɓa shi ba. Nawa rabin nake nomawa, naki kuwa ya zama daji. Yanzu fakara ke ƙwai inda kike shuka karas, ga zomaye, ga bushiya, ga wani zalɓe mai tsayawa a bakin ruwa yana hararata kamar ke idan na makara.

Wani mai hoto, Malam Dantong, shi ya biyo tsuntsu har ya faɗo wurin. Wai yana tara hotunan manoman da suka bar wa namun daji wuri a gonakinsu, kuma bai ga irin nawa ba. Ni Tabawa, da na sha jifan zomo da takalmi! Kunya ta hana ni gaya masa gaskiya. Ba don zomo na bar wurin ba, don ke na bari. Ina kewarki ƙwarai.

Taki har kullum,
Tabawa

*

Maman Nonso,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fata magani yana karɓar ki.

An baje hotunan a wani babban ɗaki a cikin gari, aka aiko mota ta ɗauke ni. Ke, ki zo ki ga ƙawarki a bango, da tsohon zanen gona, baki buɗe! Mutane na ta tafi. Wani manomi daga Bukuru ya ce shi ma zai bar wa namun daji bakin rafinsa saboda ni. Na yi ta waiwaye ina neman wadda zan tsungula mu yi dariya, babu.

To ga inda gizo ke saƙar. Malam Dantong da manoman suna so in tsaya gaban mai unguwa in yi alkawarin barin wurin ga namun daji har abada. Ɗana Zainulabideen kuma ya tasa ni gaba, wai ƙasa mai kyau tana kwance a banza, a zuba kabeji bana. Duka na ba su amsa ɗaya, cewa ba nawa ba ne, mai shi tana hanya. Zainu ya dube ni ya sunkuyar da kai, abin ya ba ni haushi.

Ulonma, shamuwa ta iso, ruwa ya kusa. Ban taɓa tambayarki kai tsaye ba don tsoron amsa, yau na tambaya. Za ki dawo? In kin ce eh, gobe in sa a share, zomaye su nemi wani gida, hoto kuma su jiƙa su sha.

Mai jiran amsarki,
Tabawa

*

Maman Nonso,

Ina gaishe ki, ina gaida Nonso, Allah Ya yi masa albarka da ya zauna ya rubuta abin da kika faɗa. Ya jikin?

Na karanta. Ƙafa ba za ta ɗauki doguwar hanya ba, kuma jikoki sun riƙe ki. Kin ce in daina jira, in bar wa tsuntsaye, don su ma 'yan Jos ne. Wallahi na yi fushi da ke yini guda. Daga baya na yi kuka, sannan na ɗauki mayafi na tafi wurin mai unguwa.

An gama magana. Wurin ya zama nasu, kuma na faɗa gaban kowa cewa ba kyautata ba ce, ta Ulonma ce, wadda aka haifa a garin nan. Malam Dantong ya ce zai gyara sunan da ke ƙarƙashin hoton. Zainu ma shi ya kafa duwatsun iyaka da hannunsa.

Sai dai a nawa rabin na ware kunya biyu na shuka ugu, ganyen miyar nan naku, ya kuwa fito. Jiya na tsinko ganyen, na zauna da shi a gaban murhu, sai na ga ban san me ake fara zubawa ba. Ki sa Nonso ya rubuto mini yadda kike miyar. Shekara da shekaru ina ci a kwanonki ban taɓa tambaya ba, don na ɗauka kullum kina nan.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sada mu da alheri.

Aminiyarki,
Tabawa