Sun Wanke Rigar Auta

Talata, 4 ga Maris
Sai yau na gane. 'Yan sanda sun dawo mini da rigar Auta a wanke, har da karin guga. Sun ce ciwon ciki ne ya tashi masa a inda suka tsare shi. To mai ciwon ciki, me za a wanke a rigarsa? Na shinshina, babu warinsa, sai na wani sabulu da ba nawa ba. Dukan ɗana suka yi har ya mutu.

Alhamis, 6 ga Maris
Ban hura wuta ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Tun safe rediyo ke maganar gyaran aikin 'yan sanda. Wannan ya ce albashi, wancan ya ce horo, wani ya ce tsarin ne ya ruɓe. Yaya ta ce in kashe in huta. Tsari yana da hannu ne? Shi ya zauna ya dirje wuyan riga?

Asabar, 29 ga Maris
Masu maganar gyaran sun kai ni taronsu, sun zaunar da ni a gaba, ana ta ɗaukar hoto. Mai lasifika ya ce dukkanmu muna da laifi. Laifin da aka raba wa kowa ai ba mai ɗauka. Ni mutum ɗaya nake nema ya ce, "Ni ne."

Laraba, 9 ga Afrilu
Kofur ɗin da ke haya bayan gidanmu, wanda Auta ke gyara wa babur, ya zo ba kaki, ya tsugunna a ƙofa.
"Mama, ni na wanke. Ban taɓa shi ba, wallahi, amma mabuɗin ɗakin da aka kulle shi yana hannuna. Ya nemi ruwa. A aikinmu ba a buɗewa sai na sama ya ce."
Na ce, "Wankin ma na sama ne ya ce?"

Sannan na ce ya je ya faɗa wa kwamitin da aka kafa don binciken mutuwar Auta.
"Mama, 'ya'yana ƙanana ne."
Na ce nawa ma bai gama girma ba. Na rufe ƙofa.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Matar Kofur ta gaishe ni a famfo, na amsa. Baki ne ya riga ni. Har na ɗora mata bokiti, ga goyo, ga ciki. Ba yafewa na yi ba.
Kwamiti zai zauna Litinin. Kofur bai ce zai je ba tukuna, ni ma ban je na sake tambayarsa ba.