Hoton Tauraruwa Mai Wutsiya Don Inna

Buwar, Afirka ta Tsakiya

Yaya Nasiha,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara, ya mutanen Rumde Ajiya? Ni lafiya lau, sana'ar hoto tana tafiya.

Kin ce tun fitowar tauraruwa mai wutsiya Inna ba ta cin abinci, wai irinta ta gani shekarar da Baba ya rasu, yanzu ni take ji wa tsoro. Shi ya sa jiya bayan magariba maƙwabcina Fabien ya kai ni bayan gari, inda mutanen da can suka kakkafa dogayen duwatsu, don in ɗauki hoton tauraruwar. Sau biyar hoton yana fitowa dishi-dishi, don hannuna bai daina rawa ba tun zazzaɓin watan jiya. Wannan kada ki faɗa mata. A ƙarshe kan wani dutse na ɗora kyamarar.

Ga hoton nan. Ki nuna mata, ki ce duwatsun nan sun sha ganin irin wannan tauraruwa, kuma suna nan tsaye. Ɗanta ma haka. Don Allah ta ci abinci, ta samu ƙarfin daka min yaji, nawa ya ƙare.

Ƙaninki,
Ɗanmalam