Abin da Likita Ta Ɗiba a Mahaifata

Damba, Gusau.

Zuwa ga Yaya Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da Malam Abdu da yara, Allah Ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Na rubuto ne don duk sanda kika kira, sai na kasa faɗa miki maganar.

Yaya, wannan cikin ma ya zube, yana wata uku da 'yan kwanaki. Na huɗu ke nan. Ranar wata Talata da hantsi ina tankaɗe na ji marata ta murɗa, kafin maigidana Bashar ya dawo daga lodin Tsafe jini ya ɓalle. A asibiti aka ce sai an yi mini wankin ciki. Kafin a shiga da ni, wata likita mai suna Hanatu ta zauna bakin gadona ta yi mini bayanin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ta ce a bangon mahaifa akwai ƙwayoyin garkuwar jiki, dangin waɗanda ke kare mutum daga cuta, amma su idan ciki ya shiga aikinsu su taimaki mabiyiya ta kafu ta samu jini. Suna bincike ne ko na masu yawan ɓari sun bambanta da na sauran mata. Na ce to a ɗebi jini a hannuna mana. Ta ce na hannu ba ya nuna halin da na mahaifa ke ciki, sai dai a ɗauki ɗan kaɗan daga abin da za a wanko, ko bayan na warke a zura siririn bututu a ɗebo daga bangon. Na masu haihuwa lafiya kuma a jikin mabiyiya ake samu.

Bashar ya ce sam. Ya ce duk abin da ya fita shi zai naɗe ya binne kamar na ukun baya, ba za a sa masa ɗa a kwalba ba. Likitar ta ce naman jikina take nema, ba na ɗan ba, sauran kuma za a miƙa masa. Daga ƙarshe ya ce tunda nawa ne, ni ke da magana. Na sa hannu.

Bayan mako shida na koma. Wallahi Yaya, addu'a nake a ce an ga cuta, ko na samu sunan da zan kira abin nan. Sai ta ce ba ta ga abin da za ta nuna ta ce shi ne ba, ilimin bai kai can ba tukuna, kuma ba za ta ba ni maganin da ba ta da tabbas a kansa ba. Na fito na zauna a benci kusa da wata 'yar Wonaka da ta yi ɓari shida. Wata mai zuwa za a yi mini na bututun, kafin nan an ce in kiyaye ɗaukar ciki. Na yarda, ko da ba ni zai amfana ba.

Ga roƙona. Har yau Inna ba ta sani ba. Jiya ta aiko daga Kekun Waje cewa ragon da take kiwo don suna ya yi ƙiba. Ki kira ta ki faɗa mata, ni na kasa.

Ki gaida Malam Abdu, da Suwaiba da Nura. Bashar yana gaishe ku. Ki sa ni a addu'a.

Taki ƙanwa,
Hussaina